Lambar da Ta Rufe Ƙofa

Da hantsin Talata aka ɗauke wuta a unguwar Maamobi, nan take waya ta daina shiga. Da aka buɗe akwatin hasumiyar sadarwa sai aka tarar da shi wayam, batura goma sha shida da ke riƙe ta in babu wuta sun yi ɓatan dabo. Alhali kwana uku hasumiyar na aika wa cibiya saƙonta na kowane minti, wai komai lafiya.

Mardiya ce injiniyar da ta tsara saƙon, don haka ita Sufeto Moro ya zaunar a wani ɗan ofis marar taga, ya karɓe wayarta. In ba a samu ɓarawo ba, gobe ita ce a kotu. Tsoro ya kama ta ƙwarai.

Aka shigo da Hudu mai gadi.

"Wa ke buɗe akwatin?"

"Oga, ni get kawai na sani. Akwati yana da lamba, Ukasha da Mashud ne ke da shi, kowa da nasa."

Aka kira ma'aikatan biyu. Ukasha ya nuna tikitin motarsa daga tashar Tudu, mako guda ya yi a Tamale. Saura Mashud, ɗan kawun Mardiya, wanda a gidan ubansa a Nima ita da mahaifiyarta suke zaune.

"Asabar na yi sabis, na rufe, na tafi," in ji shi. Ko kallonta bai yi ba.

Mardiya ta roƙi a buga mata saƙonnin a takarda. Ta bi su da yatsa har gumi ya jiƙa mayafinta.

"Yallaɓai, dubi nan. Zafin azahar ne yake nunawa da asuba. An naɗi saƙon awa shida ana ta maimaitawa."

"Wa ya naɗa?"

"Sai an sa na'urar naɗin a cikin akwatin an rufe. To, saƙon farko da ta naɗa shi ne na rufe ƙofar, haɗe da lambar wanda ya rufe. Ga ta nan, sau goma sha biyu."

"Lambar wa?"

Ta faɗa, Mashud kuwa ya sunkuyar da kai.

Sufeto ya miƙa mata wayarta, ya buɗe ƙofa. "Madam, kina iya tafiya gida."

Ta kasa tashi. Gida ɗaya gare ta, kuma a wannan lokacin Kawu na zaune a bakin ƙofarsa yana jiran su dawo su biyu.