Turmin da Ke Ƙarƙashin Mota

A garin Talata Mafara akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ba zan faɗi sunanta ba, don kada ta ji kunya. Babanta dai Uwata yake kiran ta, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

Yarinyar nan tana da ƙoƙari a makaranta, tana kuma da son iyayenta. Sai dai tana da hali guda. Duk aikin da aka ba ta, sai ta nemo masa gajeriyar hanya. Sau da yawa dabararta tana ci. Shi ya sa ta ɗauka kullum za ta ci.

Babanta, Malam Ɗanbaba, direba ne. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura fara. Da ita yake ɗauko shinkafa daga Bakura, da albasa daga Faru, ya kawo kasuwar Mafara ranar Talata. Da motar nan ake ci ake sha a gidan.

Wata rana motar ta fara ciwo. Gabanta ya sunkuya gefe guda. In ta faɗa rami sai ta yi ta tsalle, ta daɗe ba ta nutsu ba. Inna Bilkisu, mahaifiyar yarinyar, ta ce duk wanda ya shiga motar nan da nono a ƙwarya, man shanu zai sauka da shi.

Baba ya yi dariya. Ya ce sifirin ɗin gaba ne suka gaji, shokazoba kuma ta mutu. Yarinyar ta tambayi mene ne su. Ya ce sifirin shi ne murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗaukar nauyin mota. Shokazoba kuwa ita ke hana motar yawan tsalle. Ya sayo sababbi, ya ce shi da kansa zai sa su a ƙofar gida.

Ranar Asabar da hantsi ya kai motar gindin darbejiya. Ya sa manyan duwatsu a bayan tayoyin baya. Ya shimfiɗa tsohon buhu, ya jera sifanoninsa daga ƙarami zuwa babba. Yarinyar ta zauna kusa da shi da gwangwanin madara. Duk notin da ya kwance, ita ke karɓa ta ajiye.

Ya ɗaga gaban motar da jak, ya cire taya. Daga nan ya shiga zaure, ya garo wani tsohon turmi da aka daina aiki da shi. Ya kifa shi, ya tura shi ƙarƙashin motar.

Yarinyar ta ce, “Baba, turmi kuma? Mi za shi yi a nan?”

A lokacin Baba yana fama da wani noti mai taurin kai. Bai ko ɗago ba. Ya ce, “Bar shi nan dai, Uwata. Miƙo min sifana mai lamba sha bakwai.”

Kafin rana ta take sun gama ɓangaren dama. Baba ya mayar da taya, ya koma hagu da jak da turmin. Can ma ya cire taya. Amma wani noti na ƙasa ya yi tsatsa, ya ƙi motsi. Baba ya ja, ya ja, har gumi ya jiƙa masa riga.

Sai aka kira sallar Azahar. Ya zuba wa notin baƙin mai don ya jiƙu, ya wanke hannu da toka da sabulu, ya tafi masallaci.

Yarinyar ta shiga gida ta yi salla. Tana idarwa, Inna ta kira ta daga madafi. Ta ce Baba ya sha rana, ya kamata ya tarar da fura in ya dawo. Ga gero nan an wanke, saura daka. Amma turmin gidan yana wurin maƙwabciyarsu Taiba, wadda ta ara ranar suna.

Inna ta ce, “Tahi ki garo muna shi. Kada ki tsaya wasa.”

Yarinyar ta fito ƙofar gida ta tsaya. Gidan Taiba yana can ƙarshen layi. Rana tana dukan ƙasa. Turmin kuwa nauyi gare shi, kuma a rairayi za a gara shi. Ta ɓata fuska.

Sai idonta ya faɗa kan tsohon turmin da ke ƙarƙashin mota.

Ta durƙusa ta leƙa. Ta zura hannu tsakanin turmin da ƙarfen motar. Hannun ya shige sarai. Ashe motar ba ta ko taɓa shi. Jak ne ke riƙe da komai.

Ta ce a ranta, “Wannan ai zaman banza yake yi. In yi daka in mayar da shi, wa zai sani?”

Ta kama shi ta ja. Ya yi nauyi. Ta ƙara ja, bakinsa ya kwashe ƙasar da ke gefen jak. Ba ta lura ba. Ta gara shi cikin gida, ta wanke, ta zuba gero, ta ɗauki taɓarya.

Inna ta jiyo daka daga madafi. Ta ce, “Har kin dawo daga gidan Taiba?”

Yarinyar ta ce, “E, Inna.”

Inna ta sa mata albarka, ta ce yau kam ta yi sauri. Albarkar nan ba ta yi wa yarinyar daɗi ba. Ta san ba ta cancance ta ba. Ta ƙara saurin daka.

Geron bai kai rabin laushi ba sai ta ji ƙarar sifana a waje. Ta ajiye taɓarya ta leƙa ta zaure.

Baba ne ya dawo. Yana tare da maƙwabcinsu Malam Jatau, suna hirar damina. Hankalinsa yana kan hira da kan notin nan. Ya shimfiɗa kwali, ya kwanta rigingine, ya tura kansa da kafaɗunsa ƙarƙashin motar. Bai dubi inda turmin yake ba.

Yarinyar ta tsaya a bakin zaure. In ta yi magana, Baba zai san ta taɓa kayan aikinsa. Inna za ta san ta yi ƙarya. Ga Malam Jatau tsaye, zai ji komai. Ta ce wa kanta bari ta jira, wataƙila babu abin da zai faru.

Baba ya kafa sifana ya ja da ƙarfi. Motar ta girgiza. Yarinyar ta dubi jak. Ta ga ya ɗan karkace. Baba ya sake ja. Jak ya ƙara kwantawa, ƙasa tana zamewa a gindinsa.

Nan ta manta da kunya, ta manta da faɗa. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Ta ƙwala kira, “Baba, hito! Babu turmin, na ɗauke shi!”

Baba bai tsaya tambaya ba. Ya saki sifana ya mirgino. Malam Jatau ya kama ƙafarsa ya fizgo shi waje.

Sai jak ya zame. Gaban motar ya faɗo ƙasa da ƙara, har ganyen darbejiya ya zubo. Ƙarfen ya sauka daidai kan kwalin da Baba ya tashi. Hularsa da ta faɗi a wurin tana ƙarƙashi, ta baje.

Malam Jatau ya yi ta salati. Inna ta fito da gudu, da ludayi a hannu. Baba yana zaune a ƙasa yana kallon hular.

Yarinyar ta fashe da kuka. Ta durƙusa gabansa ta faɗi duk abin da ya faru. Ta faɗi zafin rana, da nisan gidan Taiba, da hannun da ta zura. Ta juya ta ce wa Inna, “Ƙarya na yi miki. Ban je ko'ina ba.”

Ran Inna ya ɓaci ƙwarai. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, Baba ya ɗaga mata hannu. Ya jawo yarinyar kusa da shi.

Ya ce, “Uwata, kin ga turmin ba ya taɓa mota, ko?”

Ta gyaɗa kai.

Ya ce, “Jak shina ɗaga mota, amma shina iya zamewa. Turmi kuwa jira shikai. Ranar da jak ya gaza, shi za shi tare. Aikinshi ke nan, jira.”

Ta ce cikin kuka, “Ban sani ba, Baba.”

Ya ce, “Tun da ba ki sani ba, tambaya ya kamata ki yi kahin ki taɓa. Ke kanki da kin ja shi motar ta biyo ki, mi zan ce?”

Sannan ya ƙara da cewa shi ma yana da laifi. Ta tambaye shi da safe bai ba ta amsa ba. Kuma kamata ya yi ya sauke motar ta zauna daram a kan turmin, ya duba da idonsa kafin ya shiga ƙasa. Yarinyar ba ta taɓa jin babba ya faɗi laifinsa haka ba. Kukanta ya ƙaru.

Inna dai ba ta bar maganar ƙarya ba. Ta ce wa yarinyar ta share hawaye, ta juye geron, ta mayar wa Baba turminsa. Sannan ta je gidan Taiba ta garo nasu. Haka aka yi. Ta gara shi a rana tun daga ƙarshen layi, ta gama daka, aka dama fura. Aikin da ta guje wa ta yi shi, har da ƙari.

Malam Jatau ya aro wani jak, suka sake ɗaga motar. Sai suka ga faifan birki ya lanƙwashe wajen faɗuwa. Aikin da za a gama ranar Asabar ya ƙi ƙarewa.

Da la'asar Baba ya buga waya Faru. Ya ba wani manomi, Malam Murtala, haƙuri. Ya ce ba zai iya zuwa ɗaukar albasa da safe ba kamar yadda suka yi, sai Litinin. Yarinyar tana jin sa. Bai ambaci sunanta ba. Cewa kawai ya yi an sami matsala wajen gyara. Wannan ya fi duka yi mata ciwo.

Washegari Baba ya tafi wajen mai walda. Ya dawo da faifan birkin an miƙe shi, da wasu ƙafafun ƙarfe guda biyu masu faɗin gindi. Ya sa katako a ƙarƙashin jak don kada ƙasa ta zame. Ya sauke motar a kan ƙafafun, ya girgiza ta da hannu biyu. Ko motsi ba ta yi ba.

Yarinyar tana tsaye daga nesa. Ta ɗauka ba za a sake barin ta kusa da motar ba.

Baba ya ce, “Uwata, ina gwangwaninki? Wa za shi riƙe min notina?”

Ta zo da sauri. Wannan karon kome ya taɓa sai ya faɗa mata sunansa da aikinsa. Ya ce ta tsaya can gefe lokacin da yake cire tsohon sifirin, don in ya kuɓuce yana iya yi wa mutum rauni. Ta tsaya inda ya nuna, ba ta ƙara taku ɗaya ba. Notin nan mai tsatsa ya sha mai ya kwana, ya kwance ba gardama. Sabon sifirin ya shiga, sabuwar shokazoba ta bi shi.

Kafin Magariba motar ta tsaya a kan tayoyinta huɗu, gabanta ya miƙe. Baba ya ce a zo a gwada. Inna ta miƙa wa yarinyar ƙwaryar fura cike, ta ce furar ce alƙali.

Suka bi hanyar Ruwan Gizo, inda ramuka suka fi yawa. Yarinyar ta riƙe ƙwaryar a cinya tana kallo. Motar ta faɗa rami, ta fito, ta nutsu. Furar ta kaɗa, amma ko ɗigo bai zuba ba. Ita da Baba suka dubi juna suka yi dariya.

Ranar Litinin Baba ya ɗauko albasar Malam Murtala. Ranar Talata ta shiga kasuwa a kan lokaci.

Hular nan kuwa, yarinyar ta wanke ta da kanta. Ta yage a tsakiya, ba ta sawuwa. Ta roƙi Baba ya bar mata. Ta rataye ta a ƙusa, kusa da jakar makarantarta. Kullum da safe in za ta ɗauki jaka sai ta gan ta.

Yara, ga abin da ta koya. In kun ga babba ya ajiye abu, kada ku ɗauke don kun ga kamar ba ya aikin komai. Ku tambaya tukuna. In kuma kun riga kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, kada ku jira. Da yarinyar nan ta ƙara jira kaɗan, da ba hula kaɗai za a tarar a ƙarƙashin motar ba.