Gubar da Aka Ba Awakin Rumfar Bita

Ƙudaje ne suka fara tona asirin. Tun kafin a buɗe ƙofar bajekolin kayan noma da safe, sun yi baƙi ƙirin a bayan rumfar da ake yi wa manoma bita kan kiwo. Da Sufeto, 'yar sandan da aka kira, ta iso, sai da ta toshe hanci da hankici. Awaki ne kwance birjik a cikin shinge, ciki a kumbure, baki duk kumfa. Wata mai tsohon ciki ta mutu ta cusa kai ƙarƙashin kwamin abinci.

Mai su na zaune a kan buhu, ko hawaye babu. Dattijuwa ce da manoma ke kira Uwar Awaki. Da safen nan ya kamata ta koyar da yadda ake haɗa abincin dabbobi da dusa da harawa da kowar wake, ba sai an sayi na kamfani ba, awakin kuma su ne shaidarta. Yanzu waɗanda suka yi sammako don saurarenta sun yi cirko-cirko suna gulma.

"Haɗin nata ne ya kashe su," in ji wani. "Gara da muka gani kafin mu kai wa namu."

Wani saurayi mai sabuwar hula ya yi kansa. "Kai, ka iya bakinka! Mama kake faɗa wa haka?" Surukinta ne, mijin 'yarta, shi ke kawo awakin a mota yana yi musu hidima. Kukan da dattijuwar ba ta yi ba, shi yake ta rusa shi.

Likitan dabbobi ya ja Sufeto gefe, ya yi ƙasa da murya.

"Abincin kwami lafiyarsa ƙalau. Sansana wannan."

Bokiti ne aka yar a bayan shinge, ƙasansa da guntun ruwan dusa da baƙin gari. Wari irin na tafarnuwa ya daki hancin Sufeto.

"Maganin ɓera," in ji likitan. "Da sassafe suka sha."

"Kada kowa ya ji tukuna," in ji Sufeto.

Ta fara da maigadi, wani dattijo mai jan ido.

"Baba, wa ya shigo kafin a buɗe ƙofa?"

"Masu rumfuna kaɗai, ranki ya daɗe, kowa da katinsa a wuya. Masu shayar da dabbobi su ne na farko."

"Kai ka zo nan?"

"Ni da akuya sai kallo. Mai shara na tare da ni a ƙofa har rana ta fito, tambaye shi."

Mai shara ya gaskata shi.

Daga nan sai rumfar malamin gona da ya yi bita jiya kan adana hatsi. Da ta ambaci maganin ɓera, ya buɗe kwalinsa, ya yi turus.

"Ƙulli ɗaya babu. Jiya na zagaya da shi don su san kalarsa, su nisanta shi da yara. Manoma sun cika rumfar, ban lura da hannun da ya maƙale ba."

"Ina kake yau da asuba?"

"A motar haya, da sauran malamai. Tare muka iso, mun tarar ana ihu."

Saura wanda kowa ke nunawa da baki: mai rumfar abincin dabbobi na kamfani. Ta same shi yana jera buhuna yana fito, kamar ranar sallarsa.

"Ka ji daɗi ke nan."

"Haba, ranki ya daɗe, ai faɗuwar wani tashin wani. Amma ni ban sa hannu ba. Katina na wurin yarona, sai da aka buɗe ƙofa na shigo da jama'a."

"Ka taɓa magana da wani nata?"

Ya sosa ƙeya. "Surukin nan nata. Ya dame ni in ba shi wakilcin kayana a yankinsu. Na ce masa, muddin surukarka na koya wa mutane haɗi kyauta, wa zai sayi buhu a hannunka? Iyakar abin da na ce ke nan."

Sufeto ta dube shi sama da ƙasa, ta wuce. Mutumin ba shi da daɗin kallo, amma rashin kunya ba laifin da ake kamawa ba ne.

Tana komawa shingen ta ci karo da wani mahauci, cikin masu gasa nama a bakin filin, ya turo baro da wuƙaƙe a ciki. Yana ganin kaki ya juya.

"Tsaya. Me ka zo ɗauka?"

"Nama aka ce akwai mai arha."

"Mushe?"

"Wallahi ce mini aka yi za a yanka su kafin su cika! Na makara ne."

"Yaushe aka faɗa maka?"

"Jiya da yamma, bayan an tashi bita."

Jiya da yamma awakin na tsalle suna cin harawa. Ta sa aka kira surukin, aka kawo dattijuwar, aka saki labulen rumfar.

"Mama, ki yi haƙuri, gara ki ji da kunnenki," in ji Sufeto. Ta juya kan saurayin. "Me kake ganin ya kashe su?"

Ya share ido. "Maƙiya ne, ranki ya daɗe. Wanda ya zuba musu guba a ruwan dusa, Allah ya isa!"

"Duk filin nan cewa ake abinci ne. Wa ya gaya maka ruwan dusa?"

Ta ɗaga labule, mahaucin ya shigo.

"Shi ne?"

"Shi ne. Har ya ce in zo da baro babba."

"Miƙo hannunka," Sufeto ta ce wa surukin.

Bai miƙo ba, sai da kofur ɗin da ke tare da ita ya kama. Ya wanke tafin tas, amma ƙarƙashin farcensa baƙi ne, warin kuma yana nan.

"Jiya ka zauna a bitar adana hatsi, ka soke ƙullin a aljihu," in ji Sufeto. "Ka yi ciniki da mahauci tun dabbobin na da rai. Da asuba ka shigo da katinka kamar kullum, babu mai tambayar mai shayarwa. So kake a ce haɗinta ne ya kashe su, sunanta ya ɓaci a gaban manoma, kai ka samu wakilci. Wannan bai ishe ka ba, sai ka ce bari ka ci biyu. Ka san wa zai ci naman nan da rana? Mutanen da suka zo da 'ya'yansu kallon taraktoci."

"Ai wuta na kashe guba," ya ce a hankali.

Sufeto ta ji kamar ta tofa masa yawu. Ta haɗiye, ta yi wa kofur alama ya sa ankwa.

Sai ya zube gaban dattijuwar. "Mama, ki sa baki. Don 'yarki na yi, don mu ma mu samu abin kanmu. Ki tuna tana da ciki."

Uwar Awaki ta janye ƙafarta daga hannunsa.

"Akuya mai cikin nan da ka kashe, ita na ware wa matarka in ta haihu," ta ce. Ta miƙe da ƙyar, ta dubi Sufeto. "'Yata, alfarma ɗaya. Kada matarsa ta ji a bakin kowa. Ni na ba ta shi, ni zan gaya mata."

Da aka fito da shi, likita ya riga ya sa an haƙa rami a ƙarshen filin, ana zuba wa gawarwakin kananzir. Sufeto ta tsaya a wurin har aka kunna wuta, don ta ga idon mahaucin bai bar kan gawarwakin ba.