Waken Cikin Kabad

A aji shida akwai wata yarinya da kowa yake kira Kun-San. Ba sunan yanka ba ne, bakinta ne ya jawo mata. Da ta ajiye jakarta da safe, sai ka ji ta fara.

"Kun san cewa malam-buɗe-littafi da ƙafafunsa yake ɗanɗana abinci?"

"Kun san cewa jariri ya fi babban mutum yawan ƙasusuwa?"

'Yan ajin su yi ta dariya, amma suna jin daɗi. Malamar kimiyya ma ta ware mata wani gefe na allo, inda take rubuta abin mamaki guda ɗaya kullum. Duk makarantar babu abin da take so kamar wannan gefen allo.

Wata safiya ta zo da labari mai zafi.

"Kun san cewa jiya na ji a rediyon Babana, wai an kama wani mai bincike ya canza lambobin aikinsa? An ce a janye rubutun nasa gaba ɗaya!"

"Me ya sa ya canza?" in ji ƙawarta Doguwa.

"Don a yabe shi mana. Ni ko a mafarki ba zan yi haka ba."

To, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A makon nan Malama ta zaɓi Kun-San ta wakilci ajin a gasar kimiyya. Aikin ba wuya. Za ta shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a bakin taga, ɗaya a cikin kabad inda babu haske. Ta riƙa ba su ruwa daidai, ta auna tsayinsu da rula kowace safiya, ta rubuta a littafi.

"Wannan ai kamar shan ruwa ne," ta ce a ranta. "Kowa ya san tsiro ba ya girma sai da rana."

Sai dai wake bai san da wannan magana ba. Ran kwana goma, na bakin taga ya kai santimita goma sha ɗaya, kore shar. Na cikin kabad kuwa ya kai ashirin, fari-fari, siriri kamar zare.

Kun-San ta sake aunawa. Ashirin ɗin dai ne. Hankalinta ya tashi.

"Za a ce ban iya awo ba. Ni Kun-San guda!"

Sai ta ɗauki magogi ta goge ashirin, ta rubuta uku. Ta bi sauran kwanakin duk ta rage su.

Da ta kai littafin, Malama ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Gobe ki zo min da gwangwanayen biyu. Gani ya kori ji."

Kun-San ta koma gida tana tunanin yadda za ta rage tsayin waken kabad.

Babanta tela ne, shagonsa a ƙofar gida yake. Da yamma ta lallaɓa ta zare almakashinsa daga kan tebur, ta shige ciki. Ta durƙusa gaban kabad, ta buɗe bakin almakashi a wuyan waken.

"Uwata, almakashina na yadi ne fa, ba na noma ba."

Ta waiwaya, sai ga Baba a tsaye da tef ɗin awo a wuyansa. Ta fashe da kuka, ta faɗa masa komai.

Baba bai yi faɗa ba. Ya zare tef ya auna waken. "Yau ma ya ƙara ɗaya," ya ce. "Ki gaya min, idan mutum ya kawo min ɗinki, na auna kafaɗarsa na ga ta fi yadda nake zato, me zan yi? In rage lambar, in ya dawo kuma in yanke masa kafaɗa?"

Kun-San ta yi dariya da hawaye a fuska.

"Tef ba ya ƙarya, Uwata, sai dai mai riƙe da shi."

"Baba, don Allah ka raka ni gobe."

"A'a. Hannunki ne ya goge, bakinki ne zai faɗa."

Washegari ta ajiye gwangwanayen a teburin Malama. Ta ɗaga murya.

"Malama, na yi ƙarya. Ashirin na auna, na goge na rubuta uku."

Malama ta ɗaga gwangwanin kabad kowa ya gani.

"Abin da kika goge shi ne daidai," ta ce. "Ƙwayar wake tana da abincinta a cikinta. Idan tsiro ya tashi a duhu, sai ya yi ta miƙa wuya yana neman haske. Yana yin tsayi, amma ba ƙarfi, ba kore. Da kin kawo min ashirin ɗin nan, da yau ita za mu rubuta a allo."

Takaici ya kama Kun-San. Ashe abin mamakin yana hannunta, ita da kanta ta goge shi.

"Na ji daɗi da kika faɗi gaskiya," in ji Malama. "Amma Doguwa ce za ta je gasar. Gefen allon kuma zai zauna haka nan sai kin sake aikin."

Kwanakin nan sun yi mata ɗaci. Ko ta buɗe baki ta ce "Kun san cewa," sai wani ya ce, "Da fensir ne ko da biro?" Ajin ya kwashe da dariya, ita kuwa ta haɗiye maganarta.

Ta sake shuka wake. Wannan karon da biro ta riƙa rubutawa. Rana ta bakwai ta makara, ta manta da awo. Ta daɗe tana kallon layin, sannan ta rubuta, "Yau ban auna ba."

Da ta kai littafin, Malama ta ɗora yatsa a kan wannan layin, ta karanta wa ajin.

"Saboda wannan layi ɗaya na yarda da sauran duka," ta ce. Sai ta miƙa mata alli.

Kun-San ta nufi gefen allonta, baki har kunne. Ta rubuta da manyan baƙaƙe: "Kun san cewa wake yana fin tsayi a cikin duhu?"

"A ina kika ji wannan kuma?" in ji Doguwa.

"Ban ji ba. Na auna, har sau biyu."

Daga ranar Kun-San ta riƙe darasinta. Abin da ka gani shi za ka rubuta, ko da bai yi maka daɗi ba. Ƙarya fure take yi, ba ta 'ya'ya.