Sarkin Tsaye-tsaye da Gaggawarsa

Ranar da Auta ta fara ganinsa, yana tsaye a ƙofar gidansu ya ɗaga kai sama, baki buɗe. Ta fito ne riƙe da hannun Baba, wanda likita ya ce dole ya riƙa zaga unguwa kowace safiya tun da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa shi. Sauri take yi, don ana jiran ta a kantin maganin da take aiki.

"Malam, lafiya?" ta ce.

"Ban taɓa ganin mai kyau irin wannan ba," ya ce.

Kunya ta kama ta, ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago, ashe ba ita yake kallo ba. Tagar ɗakinta yake kallo, tsohuwar tagar katako mai sassaƙa wadda Mama ta daɗe tana cewa a cire.

Mai zanen gine-gine ne, baƙo a unguwar. Daga ranar ya manne musu, zagayen safe ya koma kaiwa hantsi. Ya tsaya a tsohuwar rijiyar da aka rufe. Ya tsaya gindin tsamiya yana nuna musu sheƙar tsuntsu. Bangon tsohon gidan waya ma sai ya shafa shi kamar mai gaida ɗan'uwa. Auta ta yi ta makara a aiki, ta raɗa masa Sarkin Tsaye-tsaye. Shi kuma ya ce ita ce Gaggawarsa.

Wata rana saƙonsa ya shigo: "Gaggawata, yau da kika yi dariya a bakin gada, na manta abin da nake faɗa a kan gadar."

Ta mayar masa: "Da na san haka ake rufe bakinka, da tuni na yi."

Amma ta karanta saƙon har wayar ta yi ɗumi a hannunta.

Rigima ta taso ne a kan wani babban gini mai ginshiƙai da ke ƙarshen layi. Baba ya ce tun asali silima ce. Mai zane ya ce kotu ce, daga baya aka mayar da ita silima.

"Yaro, a layin nan aka yanke mini cibiya," in ji Baba.

"Haka ne, Baba, amma ginshiƙai ba sa ƙarya."

"To ni ne mai yi ke nan."

Auta ta taka wa mai zane ƙafa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Da ya turo manyansa neman aure, Baba ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ya fi yarda da bango a kan maganar dattijo ba.

Mama kuwa dama tana da nata, wani ɗan kwangila, ɗan ƙawarta, wanda ya yi alkawarin rushe gidan ya gina musu na zamani. Shi ba ya taka ƙasa, kullum a mota yake. Mai zane ya daina zuwa. Auta ta jira ya ce wani abu, sai ga saƙo: "Na ji labarin ɗan kwangila. Don Allah kada ku bari ya taɓa tagar nan."

Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta rubuta: "Wani na neman aurena, kai taga ce damuwarka. Je ka aure ta, Allah ya ba ku zaman lafiya." Ta toshe lambarsa.

Zagayen safe ya koma na kurame. Abin da ya fi ba ta haushi, ita da kanta ta riƙa cin birki gindin tsamiya tana leƙen ko tsuntsayen sun ƙyanƙyashe. Ɗan kwangila kuwa, in ya biyo su a mota, duk abin da Baba ya faɗa sai ya ce, "Gaskiya ne, Baba." Da Baba ya tambaye shi silima ce ko kotu, ya ce, "Ko ma mece ce, ai rushewa ya kamata a yi."

Baba ya juya ya nufi gida. Washegari ya ƙi fita, haka jibi. Ƙafar ta fara sandarewa, likita ya yi faɗa, Auta ta yi lallashi har ta gaji.

"Me zan fita in yi?" in ji Baba. "In yi ta magana ana ce mini gaskiya ne? Kira mini mai gardamar nan."

Da mai zane ya zo, a ƙofa ta tare shi. "Tagar tana sama, ba a taɓa maka ita ba."

"Ba ita na zo gani ba," ya ce a hankali. "Baba ya ce a'a, ban ga ina da bakin roƙon ki ba. Shi ne na fake da taga. Ke nake cewa kada a taɓa, Gaggawata."

"Da ka faɗa haka, bakinka zai yage ne?"

"Na faɗa yanzu."

Ta juya masa baya don kada ya ga murmushinta, ta ce ya shigo, Baba na jira.

Zagayen safe ya dawo da gardamarsa, kafin wata ya zagayo Baba ya ajiye sanda. Da Mama ta ga mijinta na dawowa yana huci yana cin abinci har da ƙari, ita da kanta ta ba ƙawarta haƙuri.

Ranar da aka ɗaura aure, Baba ya kira su ɗakinsa, suka durƙusa. Ya daɗe yana kallon angon.

"Na ba ka ita da zuciya ɗaya," ya ce. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari. Ke kuma Auta, Allah ya ba ki haƙurin zama da shi, kamar yadda ya ba uwarki haƙurin zama da ni."

Amin ɗin Mama har tsakar gida aka ji shi.