Kujerar Shekara Goma

"Wai kai ba ka jin magana ne?" Ta zagaya kujerar da kafintan ya sauke a tsakiyar falonta, hannu a ƙugu. "Awon 'yar shekara uku na ba ka, ka kawo min kujerar alƙali!"

Shi kuwa ko a jikinsa. Ya durƙusa ya ɗauki 'yarta Gimbiya daga katifa, tafinsa tallabe da ƙeyarta yadda uwar ta koya masa.

Gimbiya ba ta zama, ba ta riƙe wuya. Likita ya ce tun tana ciki ƙwayoyin ƙwaƙwalwarta ba su ƙarasa mazauninsu ba, sai ƙwaƙwalwar ta fito sumul, babu lanƙwasar da ta kowa take da ita. Ya ce irinsu ba kasafai suke daɗewa ba. Uban yarinyar yana jin haka ya kama gabansa. Uwar ta tsaya da ƙafafunta, magani kan lokaci, gashin ƙashi, abinci rabin cokali rabin cokali. Abu ɗaya ne ya gagare ta, ba ta taɓa saya wa Gimbiya rigar da ta yi mata yawa don ta girma a ciki ba. Sau uku kafintan yana neman auren uwar, sau uku tana cewa ita ba ta lissafin gobe.

Ya zaunar da yarinyar, ya ɗaure mata ɗamara. Cif ta zauna.

"Zo ki ga bayan kujerar, ranki ya daɗe."

Huji ne jere a jikin katakon.

"Wannan na bana ne. In ta ƙara tsawo a kwance noti a matsar nan, na baɗi ke nan. Wannan na shekara shida... wannan na goma."

"Ka san abin da likita ya ce..."

"Na sani, masoyiyata. Ni dai ban iya yi wa yaro abin da ba zai girma a ciki ba."

Kukan da ta shekara uku tana haɗiyewa ya kufce mata, ba ta ma ji kunya ba. Ta san tana sonsa, ta daɗe da sani.

"Mamarka fa? Ai cewa ta yi za ka ɗauko wa kanka wahala."

"Matashin da ke bayan wuyan Gimbiya, wa kike zaton ya ɗinka?"

Ta share fuska da gefen mayafi, ta ƙare wa faɗin kujerar kallo.

"Wannan uwar kujera... za ta shige ƙofar gidanka kuwa?"

"Tun makon jiya na faɗaɗa ƙofar."