Zama a Gaban Injin Wanki

Su biyu cibiyar kula da lafiyar yara ta ɗauka a wannan shekara, mace da namiji. Kowannensu ya gama digirinsa na uku a fannin halayyar ɗan Adam, ya zo neman ƙwarewa kan auna yara masu lalurar otizim, wadda ke wahalar musu da magana da cuɗanya da mutane. Namijin tun daga jami'a ake ce masa Rediyo, don idan ya buɗe baki sai an nemi wurin kashewa. Ilimi kam yana da shi, haƙurin yin shiru ne bai samu ba. Ita kuwa ma'aikata suna kiran ta Dakta Ƙarama. Haƙurinta har ya yi yawa, abin da ta rasa shi ne wanda za ta faɗa wa damuwarta.

Ta gilashi ya fara ganin ta. Ɗakin gwajin yana da madubi a bango, na bayansa yana ganin na ciki, na ciki ba ya ganin sa. Tana durƙushe gaban wata yarinya, ta hura kumfar sabulu, yarinyar ta bi kumfar da ido. Sai ta dakata, kwalba a hannu, ba ta ce uffan ba.

"Ta manta abin da ke gaba ne?" ya raɗa wa Farfesa, matar da ke horar da su.

"Jira take ta ga ko yarinyar za ta nemi ƙari, da ido, ko da hannu, ko da murya. Jiran shi ne gwajin. Da kai ne da tuni ka cika ɗakin da surutu."

Can yarinyar ta ɗago kai ta dubi fuskarta. Dakta Ƙarama ta yi wani murmushi a hankali, ta sake hurawa. Don yarinyar ta yi murmushin, amma a ƙirjin Rediyo ya sauka.

Da rana ya tura mata saƙo: "Mai Kumfa, yau na ga an yi magana da shiru. Ki ɗauke ni ɗalibi, shayinki na kullum yana wuyana."

Ta amsa: "Darasin farko, kada ka ba da amsar wannan saƙon."

Ya jero mata amsoshi har wayarta ta gaji da ƙara. Ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba.

Watanni suka shuɗe suna duba bidiyon gwaji tare, suna gardama kan maki, suna shiryawa. Ran da ya furta abin da ke ransa, sai ta sunkuyar da kai.

"Rediyona, ina da ƙane, Auta. Shi ma yana da otizim, saboda shi na shigo wannan aiki. Baba ya ce duk wanda Auta bai sake da shi ba, ba zai ɗauke ni daga gidan ba. Ni ma maganata ke nan."

"Haba Mai Kumfa! Wannan ai aikinmu ne."

Nan kuskuren ya faro, amma bai lura ba.

Ranar da ya je, bayan ya gaida Baba da Mama, aka kai shi ɗan ɗakin da ke bayan kicin. Auta, ɗan shekara goma, yana zaune a kan matashi gaban injin wanki mai zagayayyen murfin gilashi, yana kallon kaya suna juyawa. Rediyo ya tsaya a bayansa ya kira shi, ya jira, ya sake kira. Ya nuna taga da yatsa ya ga ko zai bi da ido. Sannan ya zaro kwalbar kumfa daga aljihu, ya hura, ya dakata.

Auta ya toshe kunnuwansa ya fice, ya bar injin yana aiki, abin da bai taɓa yi ba.

Dakta Ƙarama tana tsaye a ƙofa da faranti a hannu, ta gane kowane mataki. Baba ma ya gane.

"Yaro, an yi mana wannan tun yana ƙarami, mun san sakamakon," in ji Baba. "Ni na zaci gaishe mu ka zo."

Kafin ya kai bakin titi saƙonta ya shigo: "Da idon aiki ka shigo gidanmu. Auta ba yaron gwaji ba ne, ƙanena ne. Ka ba ni lokaci."

Kwanaki suka yi masa tsawo. A ofis gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Ya kuma ji labarin ɗan abokin Baba, mai kantin magani, ya fara zarya gidan da ƙatuwar motarsa. Da abin ya ishe shi ya kai kukansa wurin Farfesa.

"Hannu ne ya saba, ranki ya daɗe."

"Na sani. Ka je ne ka ga abin da yaron ba ya yi. Yanzu ka koma ka ga abin da yake yi."

Ya roƙi Baba izinin zuwa ranar Asabar, ranar wanki. A ƙofar gida ya juya aljihunansa waje, Baba ya ga babu komai, ya kauce masa. Ya zauna a ƙasa daga bakin ƙofar ɗakin, ya kama bakinsa.

Asabar ta farko barci ya kusa sace shi. Daga baya sai ya fara gani. Akwai jan tawul da ke ɓacewa ya dawo. Akwai ƙarar da ke sauyawa kafin ruwan ɗauraya ya shigo. Auta yana karkaɗa hannuwansa tun kafin injin ya ɗauki gudu, ya san lokacin ba tare da agogo ba. Rediyo ya tsinci kansa yana jiran jan tawul ɗin da gaske.

Mai kantin magani kuwa falo ya sani, bai taɓa tambayar ina Auta yake ba. Mama ce ta fara lura da haka, ta daina ambaton sa.

Wata Asabar, Auta ya ja matashinsa gefe kaɗan, ya bar fili. Bai waiwayo ba, ya ce, "Yanzu zai yi gudu."

Maganganu suka taru a bakin Rediyo, ya haɗiye su duka. Ya matso a hankali ya zauna a filin. Injin ya ɗauki gudu, suka kalla tare har ya tsaya.

"Ashe ana kashe rediyon nan," in ji Baba daga bayansu. "Ka ce wa iyayenka ina jiran su."

Dakta Ƙarama ce ta raka shi ƙofa, idanunta cike da ƙwalla.

"Na gan ka duk Asabar ɗin nan, ta tagar kicin."

"Wato ke ma kin koma bayan gilashi. Nawa na ci?"

"Ba na ba mijina maki."

Nan fa Rediyo ya yi murmushi, ya kama hanyar gida don kai wa iyayensa saƙon Baba.

Aka ɗaura aure, Farfesa ta zo ta sa albarka, Mama ta yi musu addu'a har muryarta ta dushe. Masu zuwa ganin gida suka yi ta dariya, don babu ko kujera a falo amma ga sabon injin wanki mai zagayayyen murfi, da matasai uku a gabansa.

Asabar ta farko bayan biki Baba ya kawo Auta. Yaron ya tsaya a ƙofa ya dubi injin, ya dubi matasan, ya je ya zauna a na tsakiya. Ba a yi masa dogon bayani kan aure ba. Abin da ya gane shi ne Yaya ba ta ɓata ba, tana nan inda ɗaya injin yake, kuma mutumin nan da ya iya zama shiru shi ma ɗan gida ne.