Dutsen da Bai Taso Ba

A ɗakin na'urar koyon tuƙin jirgin sama ya fara ganinta, tana durƙushe bayan kujerar matuƙi tana jona waya. Shi ɗalibi ne, saura wata huɗu ya karɓi lasisi. Ita kuma makarantar ta ɗauke ta aikin haɗa bidiyon filayen sauka daga cikin na'urar, don ɗalibai su san hanya kafin su hau jirgin gaske.

Ya tambaye ta dalilin da take ɗaukar wuri ɗaya sau biyu. Ta ce na farko na idon hagu ne, sai ta matsar da kyamara faɗin yatsa uku ta sake ɗauka don idon dama. In aka haɗa su aka sa tabarau na musamman, dutse zai taso kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Ya yi dariya ya ce ashe Ido Biyu ce. Ta ce ta ji, Kyaftin marar jirgi. Sunayen suka bi su.

Kafin wata ya zagayo, wayarta ba ta hutawa.

"Ido Biyu, yau na sauka lafiya sau shida, amma hankalina yana wajenki."

"Ka mayar da shi cikin jirgi, Kyaftin. Ni ba inda za ni."

Ranar da ta gama bidiyon wani fili da ke tsakanin tsaunuka, shi ta kira da rawar jiki. Duk wanda ya sa tabaran nan sai ya kauce da kansa in dutsen ya taso masa. Shi ko gezau bai yi ba. Ya ce ya yi kyau, kamar hoton kalanda.

Ta ɗauka kuskurenta ne, ta duba komai daidai yake. Sai ta fara zargin idonsa. Ta ce ya rufe idonsa na dama da tafin hannu ya dube ta. Ya rufe, ya ce fuskarta kamar an shafe tsakiyarta da toka.

Wata biyu ke nan yana ɓoyewa, har da ciwon kai kowace safiya. Kuma ranar Alhamis zai tashi da jirgin gaske shi kaɗai zuwa wancan filin. Ya roƙe ta ta rufa masa asiri har ya karɓi lasisi.

"Gara ka ƙi ni kana da rai," ta ce. "Na ba ka zuwa Laraba ka faɗa da bakinka."

Laraba ta zo bai faɗa ba. Ta taka da ƙafarta zuwa ofishin babban malaminsu. Aka dakatar da shi. Saƙo ɗaya ya turo mata: "Kin gama da ni."

Mako uku ba ta ji ɗuriyarsa ba, sai ga kiran mahaifiyarsa daga asibiti. An gano ƙari a cikin kansa yana danne jijiyar idonsa na hagu, likita ya ce da an ƙara jinkiri da ɗayan ma ya tafi. Ta same shi kwance, an aske masa rabin kai. Ya juya fuska wajen bango ya ce ta yafe masa. Ta ja kujera ta zauna, ta ce ya bari sai ya fito daga tiyata su yi faɗansu a tsanake.

Aka ceto idon dama. Na hagu bai dawo ba, lasisi kuma ya tafi har abada.

Da maganar aurensu ta taso, babanta ya ce sam. Ba zai ba da 'yarsa ga mai ciwon da likitoci ma ba su ce ya tafi ke nan ba. Mamanta ta lallaɓa, gwaggo ta sa baki, bai motsa ba.

Kyaftin ya zo da kansa, ya durƙusa a falo ya ajiye takardun asibiti gaba ɗaya. Ya ce abin zai iya dawowa, duk wata shida sai an duba shi, kuma makarantar ta ɗauke shi koyarwa a kan na'ura. Baba ya karanta har shafin ƙarshe, ya cire gilashinsa.

"Wa ya kai ƙararka wurin malaminku?"

"'Yarka, Baba."

"Kuma ita kake so?"

"Ita ce ta hana ni kashe kaina."

Baba ya miƙa masa takardun, sannan ya ce ya turo iyayensa.

Ranar ɗaurin aure Baba ya dafa kawunansu, ya ce Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya kore musu abin da suke tsoro. Kowa ya ce amin.

Kwana huɗu bayan nan ranar duba shi ta cika. Suka zauna a kan bencin asibiti, hannunta cikin nasa. Da nas ta kira shi, amarya ce ta riga shi miƙewa.